Wane suna za mu ba matsalar huhu da ke biyo bayan aikin gyaran bugun zuciya?

'Yan uwa masu aikin fassara da ma'aikatan lafiya, ina neman shawararku a kan kalmomi biyu da suka tsaya mini.

Ta farko ita ce sunan aikin kansa, wanda likitoci ke kira abileshan. Ana zura siririn bututu ta matsematsi har cikin zuciya, a lalata 'yan wuraren da ke tayar da hargitsin bugunta da zafi ko da matsanancin sanyi. Tun 1998, lokacin da Michel Haïssaguerre da abokan aikinsa a Bordeaux ta Faransa suka nuna cewa wani nau'in hargitsin da ake yawan samu yakan taso ne daga bakin hanyoyin da ke dawo da jini daga huhu, a nan ake yawan yin aikin. Na so in ce "ƙona", amma kalmar tana firgita majinyaci, kuma ba ta ɗauki na sanyin ba. Ina ganin "lalas" ta fi, domin Bahaushe ya san ta a matsayin tabon da ake yi da gangan.

Ta biyu, wato sunan matsalar da ke biyo bayan aikin, ta fi damuna. Idan tabon ya yi yawa, ɗaya daga cikin hanyoyin nan huɗu takan tsuke bayan makonni ko watanni, sai mutum ya fara haki, da tari wani lokaci har da jini, da ciwon ƙirji. Haka kuma aikin yakan taɓa jijiyar da ke motsa tantanin da ya raba ƙirji da ciki, musamman idan da sanyi aka yi, numfashi ya yi nauyi. Mu kuwa duka biyun "jijiya" muke cewa, alhali maganinsu ya bambanta: ta farkon buɗe ta ake yi da balan-balan ko a sa mata waya ta tokare ta, ta biyun kuwa sau da yawa takan farfaɗo da kanta.

Shawarata ita ce mu bar wa ta biyun "jijiyar numfashi", ta farkon kuma mu ce "tsukewar magudanar jinin huhu", mu riƙa haɗa ta da "bayan lalas ɗin zuciya". Dalilina shi ne a wurinmu duk mai tarin jini tarin fuka ake fara zarga, kuma wanda aka yi wa aikin a Indiya ko Masar ya dawo gida yana iya shafe watanni yana shan maganin da ba nasa ba, idan bai san ya ambaci aikin ga likita ba.

Shin "magudana" ta zauna muku, ko a Sakkwato da Damagaram akwai wadda ta fi ta?