Wasan matasa da kuka gani a Tahoua, ya taɓa canza wani abu?

Ɗan Adar:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙannena suna shirya wasan kwaikwayo da waƙa a kan tafiya biɗa, za su nuna a gidan matasa na Albarka Tchibaou. Wani babba a unguwa ya ce musu ɓata lokaci ne, mutane za su yi dariya su watse. Maganar ta tsaya mini a rai. Don Allah wanda ya taɓa ganin wasa ya yi aiki, ko ya ga bai yi ba, ya ba mu labari.

Tsohon ɗan Samariya:
Wa alaikumus salam ɗana. Ni na yi wasa zamanin Seyni Kountché, wanda ya riƙe ƙasa daga 1974 zuwa 1987. Lokacin bikin matasa na ƙasa zagayawa yake jiha-jiha, kuma kafin ka je can sai ka ci gasar garinku, ka ci ta jiha. Bayan isha'i muke haɗuwa gaban fitilar ƙwai, sarkin samari na zaune yana kallo. Ba mu da takarda. Labarin kawai muke shiryawa, kowa ya shigo da maganar bakinsa, yadda kuke ganin su Yazi Dogo suna yi a Télé Sahel. Namu a kan tsadar aure ne. Na fito a uban yarinya mai lissafin kaya, ina ƙirga turamen zane da yatsu har na koma na ƙafa. An yi dariya, amma washegari a majalisar dattawa zancen ke nan, wasu har da fushi don sun ce da su muke. Bikin na gwamnati ne, akwai abin da baki ba ya iya faɗa. Amma abin da ya shafi gida da unguwa mun faɗe shi.

Malamar lakwal, Konni:
Baba ya faɗi gaskiya. A ƙasarmu kashi 76 cikin ɗari na 'yan mata ana aurar da su kafin shekara 18, kuma ni a aji nake ganin hakan: bayan hutu sai ka tarar da benci babu mai shi. Wasu matasa sun zo mana da wasa a kai. Da aka kai inda za a cire yarinyar daga makaranta sai suka tsaya, suka ce duk mai dabara ya shigo fili ya karɓi matsayin uwar. Wata dattijuwa ta ɗaure zane ta shiga, ta ce wa "mijin" ita ce ta yi jinyar ƙanwarta mai yoyon fitsari, ba za ta sake ba. Fili ya yi tsit. Ɗaliba ɗaya na sani wadda aka ɗage aurenta bayan wannan, har ta zauna jarrabawa.

Mai kabu-kabu:
Malama, ki yi haƙuri, ni nawa daban ne. Na ga wasa a kan tramol, wanda da ji ka san a ofis aka rubuta shi da Faransanci aka ba yara su haddace. Manya a kujerun gaba, jawabi ya fi wasan tsawo. Mai shan ƙwayar kuma aka nuna shi yana birgima cikin ƙasa. Waɗanda na sani suna sha don su jure aiki tun asuba har dare ne, ba su ga kansu a ciki ba. Waƙar ce kawai ta kama, don wani yaron fada, wato majalisar samarin unguwa, ne ya tsara ta. A Tahoua, garin gasar waƙa ta Ɗan Gurmu, bai kamata a kawo mana haddace ba, waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Hajiya daga Keita:
Ɗan Adar, ka faɗa wa yaran nan kada su zagi masu tafiya. Mijina ya yi shekaru yana zuwa Abijan, ba don son yawo ba, rumbu ne ba ya kai mu damina. Da aikin gyaran ƙasa na Keita ya fara a 1984, mu mata ne akasari muka ɗauki duwatsu a ka, maza ba sa nan. Wasa ɗaya na gani da ya nuna matar da aka bari da yara da surukai tana jiran aike, na yi kuka a bainar jama'a. Su nuna wannan. Kuma kada su tsaya cikin gari. Su bi kasuwannin ƙauye da kaka, kafin maza su gama ɗaure dammuna su hau mota.

Ɗan Adar:
Na gode Hajiya, Allah ya saka da alheri. Na karanta musu duka. Yarinyar da za ta fito a matar tana roƙon ki ba ta lokaci ta zo ta ji daga bakinki, in ya so su gyara fitowa ta biyu kafin su fara.