Neman shawara: asusun 'yan gari da matan 'yan ci-rani ya rikice

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa, kaina ya ɗaure. Muna da ɗan kwamitin taimakon iyalai masu ƙaramin ƙarfi a karkara. Da mu huɗu ne, biyu suka shigo bayan rigimar rabon tallafin bara, wadda sai da dattawa suka sa baki, har yau ma wasu ba sa gaisawa. Yanzu mun haɗa mata 38 a asusu guda, 'yan gari da matan 'yan ci-rani masu zuwa aikin girbi. Akwatin kuɗin yana ɗakina. Baƙi biyu sun tashi da bashi, 'yan gari sun ce a kori sauran. Yaya zan yi?

Baban Yara:
Wa alaikumus salam. Baiwar Allah, tun ran gini tun ran zane. Irin wannan asusu ya samo asali ne daga shirin Mata Masu Dubara da ƙungiyar agaji ta CARE ta fara a Nijar a 1991, kuma yana da ƙa'ida. Mutum 15 zuwa 25 ake yi, 38 ya zama kasuwa, ba mai sanin abin da wata ta zuba. Kwaɗo uku ake sa wa akwati, makullai a hannun mata uku daban, mai ajiyar akwatin ba ta riƙe ko ɗaya. A ƙirga kuɗi da murya a gaban kowa, a buga hatimi a ɗan littafin kowace mace. Bashi kada ya wuce ninki uku na ajiyarta, a biya cikin wata uku. Ana rabo ne bayan wata 9 zuwa 12, to mai zaman wata huɗu ina za ta kai? Ki ware wa baƙin nasu, a raba kafin su tashi.

Uwar Gida:
Yallaɓai, a nan ban bi ka ba. In aka ware su, kuɗinsu ba zai taru ya isa ba da bashi ba. A bar su tare, amma baƙuwa kada ta karɓi fiye da abin da ta zuba sai wata ta tsaya mata, kuma a rufe ba ta bashi saura wata guda ta tafi. Ƙungiyoyin agajin nan ma su ke ɓata lamarin: su zo su rubuta sunaye, su ɗauki hoto, shiru kake ji.

Mai tambaya:
Na gode, amma ba ni na roƙi akwatin ba, su suka ce ni ce amintacciya. Ware baƙin kuma ba zai yiwu ba, dangi ne da yawansu.

Baban Yara:
Amana daban, makulli daban, Hajiya. Ranar da lissafi ya gaza, ke za a fara nuna wa yatsa. Kuma ba ki faɗa mana ba, an rubuta bashin matan biyun? Ajiyarsu nawa ta rage a akwati? Daga can ake fara cirewa.

Malamar Asibiti:
Kuna ta maganar kuɗi, yaran fa? Masu tashi su kan bar katin rigakafi a baya, allura ta yanke. A duba katunan ranar zubi, a auna kaurin damtsen 'yan wata 6 zuwa 59 don gano tamowa. Wanda bai kai santimita 11.5 ba, asibiti a ranar.

Mai tambaya:
Rubutu kam a ka muke riƙewa, ba mu taɓa samun matsala ba sai yanzu. Ni dai abin da nake tambaya, a kore su ko a bar su?