Neman kalma: me za mu kira "epic fantasy" da Hausa? Jibi zan shiga shiri

Maman Ilham
Assalamu alaikum. Malamai a taimaka, lokaci ya ƙure min. Ina gabatar da shirin adabi a rediyo, jibi Juma'a da ƙarfe 8 na dare zan yi magana kan littattafan George R. R. Martin, waɗanda aka mayar fim mai dogon zango, Game of Thrones. Turawa suna kiran irin wannan rubutu "epic fantasy". Zan ambaci sunan ya fi sau goma a cikin shirin, don haka ba na son suna mai tsawon igiyar guga. Ga siffarsa: duniya ce da marubuci ya ƙaga da taswirarta da tarihinta, zamanin takobi da sulke, gidajen sarauta suna cin dunduniyar juna, ga sihiri da dodanni a gefe. Na rubuta "tatsuniyar manya" sai na goge.

Ɗan Zazzau
Wa alaikumus salam. Gara da kika goge, Hajiya. Da kin ce tatsuniya mai sauraro zai jira Gizo da Ƙoƙi, a ƙare da ƙurunƙus. Tatsuniya ba ta da shekara, ba ta da taswira, sarkinta ma sau da yawa ba shi da suna. Ki ce "labarin yaƙi" kawai. Sunan da masu sayar da littattafai a Kano suka daɗe suna kiran irinsu ke nan.

Maman Ilham
Na yi tunaninsa Malam. Amma a littafin yaƙi na kasuwa jarumi guda ne yake tarwatsa runduna, kuma tun shafin farko ka san ba zai mutu ba. A nan kuwa mutumin da ka ɗauka shi ne jarumin, Ned Stark, an fille masa kai kafin littafin farko ya ƙare. Kuma ba a fagen fama aka kayar da shi ba, a fada aka ɗaure shi da jijiyar jikinsa.

Malam Baban Gida
Tambayar ƙanwata ta amsa kanta ba ta lura ba. Kafin a raɗa wa yaro suna a duba kamar wa ya ɗauko. Me ya zaunar da mutane gaban talabijin daga 2011 zuwa 2019, zango takwas, kashi 73? Ba dodon wuta ba ne. A littafin farko, wanda ya fito a 1996, dodannin sai a shafukan ƙarshe suka ƙyanƙyashe. Abin da ya cika littafin shi ne: wa zai gaji sarki, ɗan da ke kan layin gado na sarkin ne ko ba nasa ba, wa ya kashe tsohon waziri, da yadda baitulmali ya ci bashin zinare sama da miliyan shida, rabinsa daga gidan surukan sarki. Sarkin da surukinsa ke binsa bashi, wa ke mulki a nan? Wannan ita ce zumar.

Kuma Martin bai ɓoye inda ya samo ba. Yaƙin gadon sarautar Ingila tsakanin gidan York da gidan Lancaster, wanda ya tashi a 1455, har aka kashe Richard na uku a Bosworth a 1485. Ku dubi Stark da Lannister, manyan gidaje biyu masu gaba a littafin, ko sunayen bai wahalar da kansa wajen ɓatar da sawu ba. Katangar ƙanƙara ta arewa da ke cikin labarin daga katangar Hadrian ta Rumawa ya ɗauko ta. Bikin auren da aka yi wa baƙi yankan rago a labarin kuwa daga tarihin Scotland ne, liyafar da aka kashe samarin gidan Douglas a 1440 da kisan Glencoe na 1692. Ya taɓa sukar Tolkien, marubucin The Lord of the Rings, da cewa ya ce Aragorn, sarkin da ke cikin littafinsa, ya yi mulkin adalci amma bai faɗi yadda yake karɓar haraji ba. To duk sunan da za mu ba shi, dole fada ta fito a ciki. Ina ba da shawarar "almarar sarauta".

Sarkin Nahawu
Allah ya gafarta Malam, bayani ya yi kyau, suna bai yi ba. Almara a ajin adabin baka gajeren labari ne mai ɗaure kai, a ce wa ya fi wani cikin su ukun. Ta ina za ta ɗauki littafi biyar masu kaurin bulo? Ni na riga na ƙirƙiro kalmar tun bara: ALMARIHI. Almara da tarihi. Ƙarya ce da ta sa rigar tarihi, da shekaru da sunayen sarakuna da jerin kakanni. Idan malaman jami'a suka samar da "tarihihi" aka karɓa, me zai hana almarihi? Jam'i almarihai. Marubucinsa ɗan almarihi.

Ɗan Zazzau
Almarihi kamar sunan maganin basir a tasha.

Sarkin Nahawu
Dariya ake yi wa kowace sabuwar kalma. Almarihi gaɓa huɗu, harshe ba ya tuntuɓe. Hajiya ki gwada faɗa sau goma ki ji.

Bagobiri Mai Kishi
Ni abin da ke ba ni haushi, duk lokacin da aka nemi kalmar Hausa sai a ruga Larabci. Tarihi Larabci, hikaya Larabci, yanzu za a haɗa mana aure da Larabci a ce ƙirƙira ce. Mu da muke da tuggu, kutungwila, kitimurmura, kisisina, zagon ƙasa, sai mu rasa sunan labarin makircin fada? A ce "labarin tuggun fada" a wuce wurin.

Malam Baban Gida
Ɗan'uwa, "labari" ma daga Larabci yake. Waziri ma haka. In za mu kori baƙi, gidan zai koma kango.

Bagobiri Mai Kishi
Labari ya kwana ya tashi, ya yi aure ya haihu a Hausa. Almarihi kuwa jiya ya sauka daga mota. Kuma a daina yanke mana hukunci daga Kano kamar Hausa a Kurmi aka haife ta.

Sarkin Nahawu
Ni ba Bakano ba ne, kuma daidaitacciyar Hausa ba laifina ba ce.

Hadiza Damagaram
Ku dai 'yan Najeriya komai sai ya zama Kano da Sakkwato. Mu ma muna kama tashoshinku a nan. In Hajiya ta ce almarihi, kakata za ta ɗauka sunan wani balarabe ne. In ta ce almarar sarauta za ta gane nan take, don a bakin mutane almara tana nufin abin da bai faru ba. "Wannan ai almara ce", kowa na faɗa. Ma'anar aji daban, ta titi daban, rediyo kuma titi take yi wa magana.

Malam Baban Gida
Madalla da 'yar Damagaram. Kuma ɗanɗanon ba baƙo ba ne a wurinmu. Magana Jari Ce fa, a cire labaran aku, me ya rage? Sarki ya tafi yaƙi, waziri a gida yana ƙulla yadda zai kawar da magaji ya hau. Gandoki da Ruwan Bagaja da suka fito a 1934 suna da aljanu da ƙasashen da babu su a taswira. Abin da littattafan Martin suka ƙara shi ne sun hana ka gefen da za ka tsaya hankali kwance. Kowane babi ta idon mutum guda kake kallo, sai ka wayi gari kana tausayin wanda ya jefo yaro daga saman bene. Wanda ya karanta basasar Kano ta 1893 zuwa 1895, Tukurawa da Yusufawa, jikokin gida ɗaya, ya san yadda kowane ɓangare ke da hujjarsa da gawarwakinsa.

Bagobiri Mai Kishi
To ga shi ka faɗa da bakinka. Basasa. "Labarin basasa".

Maman Ilham
Yaya, in na ce basasa masu sauraro za su ɗauka yaƙin Biyafara zan tattauna. Kuma ina dodon ya shiga?

Ɗan Zazzau
Af, shi dodon ma me za ki ce masa? Dodo a wurinmu ba ya tashi sama.

Hadiza Damagaram
Dodo mai aman wuta. Ta faɗa sau ɗaya da cewa yana da fukafukai, daga nan dodo ya wadatar. Kada ku buɗe wannan ƙofar, dare ya yi.

Sarkin Nahawu
Kun bar rabin kalmar a baya. Almara ta ɗauki "fantasy", mun ji. Ina "epic"? Ina girman, ina tsawon, ina zuriya bayan zuriya? Almarar sarauta tana iya zama shafi biyu. Kuma Tolkien fa, labarinsa na tafiyar kai zobe ne, shi ma almarar sarauta za a ce? Almarihi ta haɗe su duka.

Malam Baban Gida
Wannan kam ka kama ni. Ga gyara: babban nau'in a ce "doguwar almara", reshen da Hajiya ke magana a kai kuma "almarar sarauta". Na Tolkien almarar jarumta.

Sarkin Nahawu
Doguwa? A shirin da ake maganar aljanu za ta ce doguwa? Masu bori za su bugo waya.

Ɗan Zazzau
Gagarumar almara, to. Ko ƙasaitacciya.

Bagobiri Mai Kishi
Ƙasaitacciya ta fi, aƙalla tamu ce. Amma tuggu sai ya shiga, ko ban yarda ba.

Maman Ilham
Allah ya saka wa kowa. Ga abin da na rubuta a takardar shiri: a buɗewa zan ce "ƙasaitacciyar almarar sarauta, wato ƙagaggen labarin gidajen mulki da tuggun fada a duniyar da babu ita". Daga nan almarar sarauta kawai zan riƙa cewa. Sarkin Nahawu, zan ambaci almarihi sau ɗaya a ƙarshe, in ce wani malami ya kawo shawara, masu sauraro su aiko da ra'ayinsu.

Sarkin Nahawu
Sau ɗaya. To. A dai ja "rii" ɗin, kada a faɗe ta kamar sunan magani. Kuma ban janye maganata kan Tolkien ba.

Bagobiri Mai Kishi
Tuggu ya shiga, na yi shiru. Almarar ce dai har yanzu ba ta kwanta min ba.