Yaya zan yi da waya ɗalibaina su amfana da ziyarar Gidan Makama?

Malama Uwani, Gwale:
Assalamu alaikum. Ina koyarwa a aji biyar na firamare, kuma duk shekara mukan kai yara Gidan Makama, gidan tarihin nan na birnin Kano, kafin hutu. Bana yara 54 gare ni. Mai zagayawa da mu yana iya ƙoƙarinsa, amma ɗakunan ginin ƙasa ne irin na da, ba sa ɗaukar mu gaba ɗaya. Goman farko su ne za su ji cewa a ƙarni na 15 aka gina gidan domin Muhammadu Rumfa, tun yana Makama, kafin ya hau sarauta a 1463. Na baya kuwa suna bakin ƙofa suna ture-ture.

Bara da muka koma makaranta na tambaye su me suka gani, wata yarinya ta ce, “Ƙyaure babba.” Ta ga tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari, amma ba ta san daga jikin ganuwar da take wucewa kullum aka ciro su ba. Abin ya tsaya mini a rai har yau. Mu malamai huɗu ne za mu raka su, kowa da wayarsa. Don Allah me za mu iya yi da su?

Ɗan Farm Centre (kasuwar waya ta Kano):
Wa alaikumus salam, Malama. Kada wani ya ce sai an haɗa miki manhaja, kuɗi kawai za ki kashe. Ki je gidan mako guda kafin ranar, ki zaɓi abubuwa kamar takwas, ki naɗi bayanin kowanne da Hausa. Kada ya wuce minti ɗaya da rabi, don yaro ba ya jure dogon zance. Saƙon murya irin wannan bai kai megabait ɗaya ba. Ki tura wa sauran malaman ta WhatsApp su sauke tun daga gida, saboda katangar ƙasa mai kauri takan danne sabis. Sai ku raba yaran gida huɗu, kowane malami da 'yar sifikarsa.

Manyan gidajen tarihi na Turai sukan liƙa lambar QR kusa da kaya, mutum ya haska da kamara bayani ya fito. Wannan aikin hukumar gidan ne, kada ki liƙa komai a bango.

Hadiza daga Yamai:
'Yar'uwa, bari in ba ki nawa. Na kai Innata gidan tarihi na Boubou Hama, wanda aka buɗe tun 1959. Ba ta karatun boko, don haka ni nake karanta mata allunan. A wajen ragowar bishiyar Tenere, wadda a da take tsaye ita kaɗai a tsakiyar hamada, na gaya mata mota ce ta kayar da ita a 1973, ta yi ta jinjina kai. Amma da muka isa wajen kayan mata na da, sai ta karɓe zancen. Ta faɗi sunan kowane tasa da faifai, da yadda aka jera mata nata a ɗakin aure, da wanda uwarta ta ba ta. Na kunna waya na naɗe ta minti ashirin. Ta rasu bara, Allah ya jiƙanta, kuma 'ya'yana har yanzu suna saurare.

Shawarata, kowane yaro ya zaɓi abu ɗaya a ɗauka masa hoto. A tura wa iyaye, ya nuna wa kakarsa, a naɗi abin da za ta ce. Baɗi muryoyin nan za ki kunna wa sabon aji, sun fi naki shiga ran yara.

Baba Mai Ritaya:
Allah ya jiƙan Inna. 'Yata Uwani, ki fara neman izinin ma'aikatan gidan kafin naɗi ko hoto, kuma a kashe fitilar kamara, haske mai ƙarfi yana dusashe tsohon tufafi da takarda. Sannan kada sifika huɗu su yi ta tashi lokaci guda mai jagora yana magana. Ni da za a bi tawa, a mota za a kunna musu bayanin. In sun shiga, a sa wayoyi a aljihu su ɗaga kai su kalli ɗaurin guga da azara na rufin ɗakunan. Ki kuma saka musu cewa bayan 1903 Turawa sun yi ofis a gidan, yara suna son jin wannan.

Malama Uwani, Gwale:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Baba, a mota za mu kunna. Hadiza, amin, na riga na yi wa shugabar makaranta maganar hotunan, ta amince. Ɗan Farm Centre, nawa ake sayar da 'yar sifikar da ke riƙe caji awa uku? Ranar Asabar zan shigo kasuwa.