Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne: haka take?

Ɗan Adar: Salamu alaikum mutanen Tawa. Ƙanen babana ya ci mana iyakar gona, ya shuka hatsi har kunya biyar cikin tamu. Tsoho kuma ya ce ni zan je in gaishe shi, wai durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Ni dai ina ganin maganar matsorata ce.

Malamin Ƙonni: Ɗana, rabinta ka ji. Ƙarshenta shi ne, in ka tashi da tsawonka za ka tashi. Je ka zauna ƙasa gaban dattawa, ka ce: "Baba, ni yaro ne, nuna mini inda kakanmu ya kafa iyaka." Kunya za ta yi maka aikin. In ka zage shi, ka ba shi abin riƙewa, za a bar zancen gona a koma zancen rashin ladabinka.

Hajiyar Galmi: Malam, a gafarce ni. Mai faɗin maganar nan ai ya riga ya rena mutumin a zuci, tunda wada ya kira shi. Wannan dabara ce, tawali'u daban. Mu a kasuwar albasa mun san ta: dillali ya durƙusa har ƙasa, "Hajiya ikon Allah", buhu ya tashi da ragin jikka biyu.

Malamin Ƙonni: To ai kin shaida tana ci, Hajiya.

Hajiyar Galmi: Tana ci mana, ni aka ci!

Tsohon Mushe: Ku duba abin da doka ta yi. Tun dokar karkara ta Nijar ta 1993, rigimar gona ko ta burtali sai ta bi ta hannun sarakunan gargajiya don sulhu kafin ta kai gaban alƙali. Hukuma kanta ta san wanda aka kayar a shari'a yakan riƙe abin har jikoki. Amma ɗana, in kun shirya a rubuta takarda, da shaidu. Wani durƙuson, in ba takarda, baɗi kunya goma za ka tarar.

Ɗan Adar: In na je ya ƙi fa?

Tsohon Mushe: Sai wajen mai gari, kuma kowa ya ga kai ka fara zuwa.

Hajiyar Galmi: Ka riƙe goro, kuma kada ka je da abokanka 'yan cirani. Ka je da gwaggonka, ita ce yayarsa, tana iya gaya masa abin da bakinka bai isa ba.