Marayunmu sun ci jarrabawa: ta wace hanya za mu nemi taimako a waya?

Sakatariyar ƙungiyar mata, Aboabo: Assalamu alaikum iyayena da 'yan'uwana. Ƙungiyarmu ta shekara shida tana kula da marayu a unguwannin Aboabo da Sawaba da ke Kumasi a ƙasar Ghana, kuma da kuɗin da mambobi ke tarawa ranar Lahadi muke aiki, sai ɗan abin da ake samu a ƙofar masallaci ranar Juma'a. Bana yara 14 sun ci jarrabawar BECE ta kammala ƙaramar sakandare. Tun 2017 gwamnati ta ɗauke kuɗin makarantar sakandare, amma akwatin ƙarfe da akwatin abinci da katifa da bokiti da kuɗin mota duk suna wuyanmu. Mun buɗe shafi a Facebook wata takwas ke nan, jama'a na danna alamar so suna yi mana addu'a, amma abin da ya shigo bai sayi katifa uku ba. Ina roƙon waɗanda suka riga mu shiga wannan hanya su nuna mana inda muka kuskure.

Ma'ajin kwamitin makaranta, Asawase: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya saka da alheri. Lambar MoMo, wato asusun kuɗi na waya, da kuka rubuta a shafin, sunan wa take nunawa?

Sakatariya: Sunan magajiyarmu, Malam, domin ita ke riƙe da kuɗin tun farko.

Ma'aji: To daga nan ya kamata gyara ya fara. Duk wanda ya buga *170# zai tura kuɗi, sunan mai lambar ne ke fito masa kafin ya saka lambar sirrinsa, kuma wanda bai san magajiya ba, idan ya ga sunan mutum ɗaya a wurin da yake sa ran ganin sunan ƙungiya, sai hannunsa ya yi sanyi ko da ita mai amana ce. Shawarata ku yi rajista a ofishin magatakardan kamfanoni a matsayin ƙungiyar da ba ta neman riba, ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2019, sannan ku bi ta sashen jin daɗin jama'a na ƙaramar hukumar Asokore Mampong domin neman lasisin ƙungiyoyin sa-kai. Da takardun rajista za ku buɗe asusun banki da mutum biyu ko uku ke sa wa hannu, ku kuma nemi lamba irin ta 'yan kasuwa da sunan ƙungiya. Lamba ɗaya ta isa, domin tun 2018 mai Telecel ko AT yana iya tura wa mai MTN kai tsaye, kuma harajin tura kuɗi ta waya na E-Levy da ya sa mutane ja da baya daga 2022 an soke shi a watan Afrilun 2025.

Matashi mai gyaran waya, Tafo: Mama, ni abin da na lura shi ne masu bayarwa a zangonmu sun fi zama a WhatsApp. Iyayenmu da yawa ba sa karanta dogon rubutun boko, amma saƙon murya na minti ɗaya da Hausa za su saurara har ƙarshe, su kuma tura wa 'ya'yansu da ke waje. Ku yi wani da harshen Twi domin maƙwabta da abokan ciniki. Abu na biyu, kalmar "ku taimaka wa marayu" ta yi faɗi. Ku je kasuwar Kejetia ku tambayo farashin katifa da akwati, ku ce ga kuɗin kayan yaro ɗaya, yara 14 ne, ga ranar da za su tafi, domin wanda ya san katifa ɗaya yake saya ya fi saurin buɗe wayarsa. Sitatus awa 24 yake yi ya ɓace, saboda haka kowace mamba ta riƙa sabunta shi kullum da adadin da ya rage. Jerin aika saƙo ga jama'a kuwa mutum 256 yake ɗauka, kuma sai wanda ya ajiye lambarku ne saƙon zai isa gare shi. Ban ba ku shawarar biyan Facebook kuɗin talla yanzu ba.

'Yar'uwa mai ɗinki, Akwatia Line: Na yarda da ƙanena, sai dai ina ganin dole a nuna yaran. A TikTok na sha ganin bidiyon yaro yana ba da labarinsa da bakinsa, kafin gari ya waye an tara masa abin da ake nema. Gani ya kori ji.

Malamin makarantar allo, Sawaba: 'Yata, maganarki tana da ƙamshin gaskiya, hoton yaro cikin hawaye yana kawo kuɗi, amma mu tambayi kanmu wa zai biya farashinsa. Yarinyar da aka yaɗa fuskarta yau da sunan marainiya mabuƙaciya, gobe za ta shiga ɗakin kwana da 'yan makarantarsu da suka ga bidiyon, bayan 'yan shekaru kuma dangin mai neman aurenta za su iya cin karo da shi, domin abin da ya shiga intanet ba ya dawowa. Zango ƙarami ne, kowa ya san gidan kowa. An gargaɗe mu a Suratul Baƙara kada mu ɓata sadakarmu da gori da cutarwa, kuma ina tsoron tozarta maraya a bainar jama'a ya shiga cikin wannan ko da niyya kyakkyawa ce. Wani abu kuma, Hajiya, ku raba littafin zakka da na sadaka. Zakka tana da mutanenta kashi takwas da aka ambata a Suratut Tauba, maraya kuwa yana shiga ne idan matalauci ne, saboda haka ku tambayi mai turowa wanne ya yi nufi.

Ma'aikaciyar jinya, Yalwa: Ina bayan Malam. Dokar kare bayanan jama'a ta 2012 ma ta tanadi neman izini kafin a yi amfani da bayanan mutum, na yaro kuwa sai da yardar mai riƙonsa. A kwamitinmu na sabunta wa tsofaffi katin inshorar lafiya, katunan muke ɗauka hoto bayan mun rufe sunaye da fuskoki, kuma hakan bai hana mutane bayarwa ba. Ku jera akwatunan 14 a tsakar gida, magajiya ta tsaya kusa da su ta yi bayani.

Mai ɗinki: Na karɓa, Malam, ban hango abin da nisa haka ba. Idan za a ɗauki bidiyon kayan, ni zan zo da wayata.

Ɗan'uwa mazaunin Amurka, haifaffen Asawase: Bari in faɗa muku yadda abin yake daga ɓangarenmu. A kowane azumi saƙonnin neman taimako daga gida sukan cika mana waya, kuma wanda muke sake ba wa shi ne wanda ya dawo mana da bayani. Na taɓa tura kuɗin rijiya, shekara biyu ban ga ko hoton rami ba, daga nan na daina. Wata makaranta kuwa duk ƙarshen wata takan turo hoton shafin littafin kuɗi, abin da ya shiga da abin da ya fita, da rasit na kowane buhun siminti, kuma mu shida muke tura mata yanzu ba tare da an roƙe mu ba. Game da hanya, manhajojin Sendwave da Taptap Send suna kai kuɗi cikin MoMo kai tsaye, sai dai ku gwada tukuna ku tabbatar sabuwar lambar tana karɓar kuɗin waje. Manhajar tara gudummawa ta GoFundMe ba ta biyan kuɗi a asusun bankin Ghana, sai wani amintacce a nan ya buɗe a madadinku, wannan kuma wani nauyin amana ne daban. Takwararta LaunchGood, wadda Musulmi suka kafa a 2013, ta fi tashe a goman ƙarshe na Ramadan, amma ku ajiye ta sai takardunku sun kammala.

Alhaji mai shagon atamfa, Kejetia: 'Ya'yana, ku yi hattara da mazambata. Lokacin da muke tara kuɗin aikin tiyatar wani yaro, wani ya kwafe sanarwarmu, ya goge lambarmu ya saka tasa, ba mu ankara ba sai da wata baiwar Allah ta tare ni a kasuwa tana tambaya ko kuɗinta sun iso. Tun daga ranar, liman ne ke karanta lambar da bakinsa bayan sallar Juma'a, mu ɗauki bidiyonsa mu yaɗa, domin sauya murya da fuskar da jama'a suka sani ya fi wuya a kan sauya rubutu. Idan irin haka ta faru ku kira 292, lambar hukumar tsaron intanet, ku kuma sanar da kamfanin layin nan take. Katifa biyu suna wuyana, a aiko yaro shago ranar Asabar.

Sakatariya: Allah ya ƙara buɗi, Baba Alhaji, ya saka wa kowa da alheri. Ranar Lahadi zan karanta wa mambobi wannan duka. Tunda rajista ba za ta kammala kafin yaran su tafi ba, Malam ma'aji, shin ya dace mu ci gaba da lambar magajiya a wannan karon, idan liman ya ambaci sunanta a sanarwar?

Ma'aji: Ya dace, Hajiya, da sharaɗin a sayi sabon layi da katinta na ɗan ƙasa wanda ba za a yi wata hulɗa da shi ba sai wannan, wayar ta zauna a hannunki, lambar sirri a wurinta, kuma ku nemi takardar bayanan shige da ficen kuɗi daga kamfanin duk ƙarshen wata. Ki turo mini kundin tsarin ƙungiyar in duba kafin ku kai ofishin rajista.