Muhawara: Hotunansa ne za su raya sunansa, ko muryarsa?

Malam Habibu: Salamu alaikum jama'a. Ga wata magana. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana zagaya yankinsu da kyamara, kuma yana gabatar da shiri a gidan rediyon yankin, da wane aikin za a tuna shi bayan ransa? Ni na ce da hoto kaɗai. Abin da aka faɗa a rediyo iska ce ke kwashe shi.

Hajiya Rabi: Wa alaikumus salam. Malam, ban yarda ba. Mutum nawa ne suka taɓa ganin hotunan irin wannan mutumin? Muryarsa kuwa ta shiga gidan da ba a taɓa buɗe jarida ba. Wanda bai iya karatu ba ya san shi, makaho ma ya san shi.

Malam Habibu: Hajiya, ta shiga, amma ina take yanzu? A da kaset na da tsada, gidajen rediyo kan goge tsohon shiri su naɗi sabo a kai. BBC da kanta ta goge ɗimbin shirye-shiryenta a shekarun 1960 da 1970. Idan BBC ta yi haka, ƙaramin gidan rediyon yanki fa? Ga Malick Sidibe na Bamako, hotunan matasan garinsu ya yi ta ɗauka, su ne suka kai shi har ya karɓi lambar girmamawa ta Zakin Zinariya a bikin baje kolin fasaha na birnin Venice a 2007.

Usman: Baba Habibu, a yi min afuwa, amma a Bamakon nan akwai misalin da ya saɓa wa maganarka. Seydou Keita ya buɗe ɗakin hotonsa a 1948, ya ɗauki dubban mutane. A 1991 aka baje hotunansa a New York ba tare da sunansa ba, aka rubuta cewa ba a san mai ɗaukar ba. Sai da aka je Bamako aka bi sawu, Sidibe ya gane aikin ya ce na Keita ne. Da babu mai baki a raye, da sunan ya tafi. Kuma yawancin mutanen da ke cikin hotunan nan har yau ba a rubuta sunayensu. Hoto na nuna fuska, ba ya faɗin ko wace ce.

Hajiya Rabi: Allah ya yi maka albarka, ɗana. Abin da nake nufi ke nan.

Malam Habibu: Amma dai hoton ya jira har aka zo. Kaset ɗin da aka goge ba ya jiran kowa.

Zainab: Shi ma fim ɗin kyamarar da ake wanke hoton daga gare shi ba ya jira har abada, Baba. Zafi da laima na cinye shi, ya fara warin tsami, ya nannaɗe, shi ke nan. Ni abin da ke damuna shi ne yadda muke raba mutumin gida biyu. Me ya sa dattijuwar da ba ta yarda da baƙo ba za ta tsaya gaban kyamararsa? Saboda ta san muryarsa, kullum tana jin ta a tsakar gidanta. Kuma labarin da yake bayarwa a shirin, ba a ofis ya samo shi ba, a yawon ɗaukar hoto ya ji shi. Ka cire rediyon, rabin hotunan ba za a bar shi ya ɗauka ba.

Malam Habibu: Wannan kam na karɓa, 'yata. Amma idan aka ce a ceci ɗaya, akwatin fim zan fara ɗauka.

Usman: Ni kuma sai in fara da waɗanda suka saurare shi. A zauna da su da hotunan a hannu, a naɗi bayaninsu, wane ne wannan, wace shekara ce, tun suna nan.

Hajiya Rabi: Kuma a tambayi masu sauraro, wasu sun naɗi shirin a kaset ɗinsu na gida. Malam, kafin ka ce iska ta kwashe, a bincika akwatunan tsofaffi tukuna.